Shin Ko Kun San? Inda Aka Yanke Cibiya

Shin ko kun san jaririn da aka haifa yau a Guna, cikin gundumar Mirya, da wanda aka haifa a Japan a wannan sa'ar, akwai tazarar sama da shekara 20 tsakanin abin da ake kiyasin za su yi a duniya? Matsakaicin tsawon rai a Nijar yana wajen shekara 61 zuwa 62, na Japan kuwa 84. Rai na hannun Allah, babu mai gardama. Amma rigakafi da ruwan famfo da ungozoma mai horo, waɗannan a hannun mutane suke. Cikin yara 1,000 da ake haifa a Nijar, sama da 100 ba sa cika shekara biyar. A Finland biyu ne ko uku. A 1990 namu ya haura 300, ashe dai lissafin yana canzawa idan an yi aiki.

Branko Milanovic, masanin tattalin arziki ɗan asalin Sabiya da ya daɗe a Bankin Duniya, ya zauna ya lissafa. Ya gano fiye da rabin bambancin samu tsakanin mutanen duniya, ƙasar da mutum ya tsinci kansa ce ke kawo shi, tun kafin a zo ga maganar ƙwazo ko lalaci.

To wa ya shata ƙasar? Layin da ya raba Damagaram da Daura da Kano, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a kan takarda. Sun fara a 1890, daga Say zuwa Barruwa ta bakin tafkin Cadi, suka yi ta gyara a 1898 da 1904 da 1906. Babban abin da Faransa ke nema shi ne hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Saboda rijiyoyin nan ne ɗan Matamaye ke ƙirga sefa yana karatun Faransanci, ɗan kawunsa na Daura kuma naira da Ingilishi.

Shin ko kun san Damagaram ce fadar mulkin Nijar daga 1911 har 1926, kafin a mayar da ita Yamai? Kafin nan ma, zamanin Sarki Tanimu, wanda mulkinsa ya kai 1884, an kewaye birnin da ganuwa, maƙera na zuba igwa a cikin gari, ayarin raƙuma na sauka daga Tarabulus. Wanda aka haifa a birni a lokacin ba ya jin an bar shi a baya.

Sai labarin Dorugu, wanda ya kamata kowane ɗan lakwal a jahar Damagaram ya sani. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi bawa har Kukawa ta Barno. Wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tambutu. A 1855 suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, suka sauka Landan a watan Satumba. Can wani limamin mishan, James Frederick Schön, ya zaunar da shi yana ba da labari da tatsuniya, shi kuma yana rubutawa. Littafin nahawun Hausa na 1862 da Magana Hausa na 1885, Hausar Dorugu ce jigonsu. Sunan Schön ne a bango, ba shakka. Dorugu ya dawo gida Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. Yaron da aka yi cinikinsa a kasuwa, da bakinsa Turai ta koyi Hausa.

Ƙasar Kancen nan dai, a watan Oktoba na 2013, ita ce ta yi babban rashi. An tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mutanen Kance ne masu tafiya neman abin kai wa baki. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Duniya ta ɗan waiga, ta wuce.

Wanda ya ce zai bi ta ƙofa fa? Fasfon Singafo yana shiga ƙasashe sama da 190 ba tare da neman biza tun daga gida ba. Na Nijar wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan yake samu. Kuɗin neman bizar Turai tun 2024 yuro 90 ne, wajen jaka 59 na sefa, kuma idan aka hana ka ba a maido maka ko dala.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya masu aiki da yuraniyom take fitowa. A Nijar kuwa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki, a karkara abin bai kai haka ba ko kusa. Rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya sa Nijar ta 189 cikin ƙasashe 189.

Shin ko kun san akwai wani lissafin da jerin yake juyewa? Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 na iskar da ke ɗumama duniya a shekara. Ɗan Nijar wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda. Sannan tun bayan farin shekarun 1980, manoman kudancin Nijar suka daina sare tohon da ke fitowa a gonakinsu. Sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare shi daga awaki har ya miƙe. A Mirya da Magariya da Matamaye gawo ne ya fi yawa, icen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabba ke neman abin ci. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun kiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, akasari ba tare da an dasa ba. Yanzu ana koyar da dabarar a Habasha da Senegal da Kenya.