Ɗan Daudu Tsakanin Tasha, Gida Da Gaban Alƙali

Akwai zancen da kowa ya san da shi, amma ba a son ɗauko shi a zauren gida. Ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a tashar mota ta Maraɗi ko ta Damagaram, da ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa sauka Birnin Ƙwanni da dare yana jin yunwa, da wuya a ce ba su taɓa cin abincin ɗan daudu ba. Mutum ya ci tuwo, ya ci soyayyar kaza, ya yi dariyar habaicin mai abincin, ya biya ya kama hanyarsa. Amma a ce masa wannan mai ɗaurin zane a ƙirji ɗan wansa ne, nan take fuska za ta sake. Yau da gwamnatocin yankinmu suke ta rubuta sabbin dokoki a kan masu neman jinsinsu, ya kamata mu dubi al'amarin daga inda ya fi zafi, watau cikin gida.

Daudanci ya girmi jirgin sama

Sau da yawa mukan ji ana cewa Nasara ne suka kawo mana wannan abu. Gaskiya ne auren jinsi, irin wanda Faransa ta halatta a 2013, baƙo ne ga al'adunmu. Amma daudanci kakanninmu sun san shi. Kalmar Daudu kirarin Galadima ce, kuma a cikin iskokin bori akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai son ado da kyauta, wanda aka daɗe ana danganta ƴan daudu da shi. A garuruwan fatauci an saba ganinsu a gidajen mata masu zaman kansu, ƙarƙashin magajiya, suna girki, suna aike, wasu suna kawalci. An saba kiransu aikin abincin biki, domin hannunsu a tukunya ba a raina shi.

Wani malamin jami'a Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Abin da ya rubuta, dattawan tasha sun riga shi sani: ƴan daudu da yawa suna da mata da ƴaƴa, suna salla, suna azumi, wasu sun sauke farali. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba. Haka kuma da yawa daga masu neman maza ba su da rangwaɗa ko kaɗan, suna cikin babbar riga da hula, ana gaishe su da girmamawa a kasuwa da biro. Ashe ke nan ɗan daudu shi ne wanda ido yake gani, shi ya sa duk ranar da hankali ya tashi, shi ne jifa take fara samu.

Yadda doka ta sake

Mu da maƙwabtanmu na kudu ba gado ɗaya muka ci ba. Ingila ta bar wa Najeriya dokar ɗaurin shekara 14 a kan luwaɗi. Ita kuwa Faransa ta cire wannan laifi daga kundinta tun 1791, shi ya sa kundin hukunta laifuka da Nijar ta yi a 1961 bai tanadi hukunci tsakanin manya biyu ba, sai ga wanda ya taɓa ɗan jinsinsa da bai kai shekara 21 ba.

Daga 2000 iska ta juya. Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a fannin laifuka, Kano da Katsina da sauransu suka bi, aka rufe gidajen giya da na mata, masu cin abinci a wuraren da dama suka tsallako iyaka. A watan Nuwamba na wannan shekara, bikin nunin tufafi na FIMA da Alphadi ya shirya kusa da Yamai ya tayar da tarzoma, a Maraɗi aka afka wa gidajen giya da na mata masu zaman kansu, har da majami'a. A Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu. A Janairun 2023 shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana niyyar sa hukunci a sabon kundi, kafin juyin mulkin 26 ga Yuli ya kawar da shi. Mali ta yi tata dokar a ƙarshen 2024. Kundin sake gina ƙasa da mahukuntan Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya haramta wannan ɗabi'a, sannan a Satumban 2025 Burkina Faso ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5.

Mai lura zai ga cewa farar hula da soja, masu shiri da Faransa da masu korarta, duk sun haɗu a nan. Dalili ba ɓoyayye ba ne: wannan doka ba ta cin kuɗin baitulmali kamar gina lakwal ko biyan albashi, kuma ba mai fitowa fili ya yi jayayya da ita. Su ma ƙasashen Turai sun ƙara wa wutar makamashi. Lokacin da firaministan Ingila David Cameron ya yi barazanar rage taimako a 2011, sai zancen ya koma na kare mutuncin ƙasa, mai soya kaza a tasha ya wayi gari ana kallonsa kamar wakilin Nasara, shi da bai taɓa taka ƙofar ofishin jakadanci ba.

Wa yake biyan kuɗin sabulu?

A gida ake biya. Kowa ya san irin gidan da ɗan daudu ne yake aiko buhun hatsi lokacin bazara, shi ne yake sayen kayan ɗakin ƙannensa mata, shi ne yake biyan maganin tsohuwa. Ana karɓar kuɗinsa da dare, ana ƙin amsa gaisuwarsa da rana. Uwa tana tsakiya: a waje ana yi mata gorin albasa ba ta yi halin ruwa ba, a ɗaki tana kukan ɗan da ta goya.

Maganin da iyaye suka fi rugawa gare shi shi ne aure. A nemo yarinya ƙarama daga ƙauye, ba a gaya wa iyayenta komai ba, a ɗaura, a ce zai shiryu. Wani auren yakan zauna, wani kuwa yarinyar ce take kwana da baƙin cikin da ba ta san mafarinsa ba, in ta kai ƙara gida a ce ta yi haƙuri. An rufa asirin namiji da rayuwar ƴar mutane.

Akwai kuma batun lafiya. Ma'aikatan yaƙi da sida sun daɗe da sanin cewa mutumin da yake tsoron a tona shi ba ya zuwa awon jini, ba ya zuwa karɓar magani. Ciwon da ya ɓoye kuwa ba ya tsayawa a kansa, yana bin sa har ɗakin matarsa.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci kai tsaye. Zargin da ake jin kunyar musantawa makami ne a hannun maƙiyi. Abokin gaba a kasuwa, ko mai haƙon kujerarka a biro, ba ya bukatar shaida: saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa ya rushe sunan da aka shekara 30 ana ginawa. Inda tsoro ya yi yawa, masu karɓar kuɗin toshiyar baki su ne suke cin kasuwa.

Hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, malamanmu ba su saɓa a kansa ba. Amma malaman nan su ne suka karantar da mu cewa bin diddigin asirin mutane haramun ne, ƙazafi babban zunubi ne, hukunci aikin alƙali ne ba na taron matasa masu sanduna ba, yanke zumunta kuwa laifi ne mai zaman kansa. Wanda ya riƙe kashi na farko ya yar da sauran, karatunsa bai cika ba.

Majalisa tana iya rubuta doka cikin yini ɗaya, amma ba za ta zo ta zauna a tsakar gidanka ranar da zancen ya faɗo a kan ɗanka ba. Ranar nan kai da mahaifiyarsa ne kawai. Kuna iya yi masa faɗa, kuna iya yi masa nasiha da addu'a, amma kada ku miƙa shi ga ƴan jifa, kada kuma ku jefa ƴar wani cikin auren yaudara. Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya rufa mana asiri, ya shirya mana zuriya baki ɗaya, amin.