Idan aka sauke shugaban kulob, ɗan wasa me ya shafe shi?

Jiya musu ya kaure a gidan kallon ƙwallo nan Samaru. Wani ya dage cewa korar shugaban kulob ba ta shafi ƴan wasa ba, tunda ba shi ke shiga fili ba. Ni dai ban yarda ba.

Ku tuna Kano Pillars a 2022. A watan Yuni gwamnatin Kano ta sauke shugaban kulob ɗin, Surajo Yahaya Jambul, bayan hukumar gasar ta hukunta shi kan cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarsu da Dakkada. Aka ba Ibrahim Galadima riƙon ƙwarya, mutumin da ya taɓa shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Amma wasannin da suka rage kaɗan ne, ga maki uku da aka riga aka zaftare musu. Kulob ɗin da ya ci gasar Najeriya sau huɗu ya faɗa ƙaramar gasa. Ba korar kaɗai ta jawo haka ba, amma ba ta cece su ba.

To me ya sa? A nan ƙasar, alkawarin kuɗin sa hannu da alawus ɗin wasa sau da yawa na baki ne, tsakanin ɗan wasa da shugaba. Ranar da aka sauke shugaban, yaro zai fara lissafi: wa zai biya ni bashina? Kocin da ya kawo ni zai kai wata mai zuwa? Idan na karye, wa zai kai ni asibiti? Daga nan sai ka ga ƙwallon da da zai sa ƙafa ya ƙwato, ya bar ta ta wuce. Ba lalaci ba ne, wallahi, tsoro ne.

Na gani da idona a ƙungiyar unguwarmu. Manajanmu ke haɗa kuɗin Keke Napep da fiya wata duk ranar da za mu buga wasa a Sabon Gari. Dattawan ƙungiya suka cire shi cikin dare, ba wanda ya yi mana bayani. Sati na gaba mu tara muka zo atisaye, golanmu kuwa har ya koma wata ƙungiya. Da aka kira taro, tambayar farko da kyaftin ya yi ita ce: ranar Asabar wa zai biya kuɗin mota?