Hanci Bai San Gishirin Miya Ba

Duk gidan da aka ce maigida na da hawan jini, uwargida takan ɗebi miyarsa a ƙaramar tukunya kafin ta zuba gishiri da dunƙule a babbar. Ka tsaya a bakin madafa ka shaƙa, ƙamshinsu ɗaya ne, domin daddawa ɗaya aka daka, citta ɗaya, man shanu ɗaya aka soya da albasa. Maigida kan leƙo ya ce, "Hajiya, wacce ce tawa? Ni ban ga bambanci ba." Ita kuwa ta ce, "Ai ba za ka gani ba, Alhaji, sai an kai baki." Abin da likita ya hana shi ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Hanci zai gaya maka miya ta ƙone, zai gaya maka ta kwana ta yi tsami, wani lokaci har ya gaya maka 'yar wane gari ce ta yi girkin, amma bai san gishiri ba.

Haka lamarin tabar wiwi yake a ƙasashen da suka yarda a yi magani da ita. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta buɗe ƙofa a 1996, Kanada a 2001, Holan ta fara sayarwa a kantunan magani a 2003, Jamus ta biyo a 2017, Birtaniya kuma ta ba manyan likitoci izinin rubuta ta a Nuwamban 2018. A shagunan jihohin Amurka irin su Kwalarado, busasshen furen yana cikin 'yan kwalabe masu huji a murfi. Mai saye ya ɗauka ya sunsuna, mai shago yana yi masa bayani: wannan mai ƙamshin lemo tana sa nishaɗi, waccan mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kawo barci. A jikin kwalbar kuma akwai lambobi biyu, na THC da na CBD. Mutum ya zo da ciwon baya ko rashin barci, sai ya koma gida da wadda hancinsa ya so, ko wadda lambarta ta fi girma.

Idan aka ɗora gilashin ƙara girma a kan furen macen shukar, za a ga ya lulluɓe da wasu 'yan gashi masu dunƙulallen kai, suna ƙyalli, suna danƙo a yatsa. A cikin waɗannan kawunan shukar ke haɗa kaya iri biyu. Na farko su ne sinadaran kanabinoid, sun haura ɗari, amma biyu ne suka yi suna. CBD wani masani Ba'amurke, Roger Adams, ya fara ware shi a 1940. THC kuwa, wanda shi ne mai bugarwa, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka tsarkake shi suka fayyace ƙirarsa a Isra'ila a 1964, da kilo 5 na hashish da 'yan sanda suka ba Mechoulam ya ɗauko a motar haya. Daga baya aka gano abin da ya sa yake aiki: jikin ɗan Adam yana da makarɓai na musamman, CB1 mai yawa a ƙwaƙwalwa, CB2 mai yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma jikin da kansa yana ƙera sinadaran da ke hawa kansu. THC dai baƙo ne da ya dace da mazaunin. Shi da CBD duk ba su da wani ƙamshi. Su ne gishirin tukunyar.

Kuma zaɓin marasa lafiya a kansu ya rabu. Wanda maganin ciwon daji ya hana shi riƙe abinci, ko wanda cuta ta ɗauke masa sha'awar ci, THC yake nema, kuma tun 1985 Amurka ta amince da ƙwayar THC da aka haɗa a ɗakin gwaji mai suna Marinol don tashin zuciya irin wannan. Iyayen yara masu farfaɗiya, da ma'aikacin da ba ya son kansa ya yi nauyi da rana, CBD suke bi, tunda ba ya bugarwa. Akwai masu son rabi da rabi. A Holan kamfanin Bedrocan da ke noma wa gwamnati ya tsara abin kamar tukwanen gidan mai hawan jini: akwai iri mai THC kashi 22 cikin 100 da CBD ƙasa da kashi 1, akwai Bediol mai THC kashi 6 da ɗoriya da CBD kashi 8, akwai Bedrolite wanda THC ɗinsa bai kai kashi 1 ba. Likita ne ke zaɓa, kuma na bana bai bambanta da na bara ba.

Inda aka bar wa kasuwa zaɓi kuwa, hannun mai zuba gishiri sai ƙara nauyi yake. Tabar da hukumomin Amurka ke kamawa tana da THC wajen kashi 4 a 1995, zuwa 2014 ta kai wajen kashi 12, yau kuma furen da ya haura kashi 20 ba abin mamaki ba ne a shago. Mai saye yana ganin babbar lamba ita ce ribar kuɗinsa. Wani bincike na Jami'ar Kwalarado a 2020 ya nuna cewa masu shan tatacce sun tara THC a jini fiye da ninki biyu na masu shan fure, amma buguwar da suka ce suna ji kusan ɗaya ce. Ƙarin bai saya musu komai ba. Abin da yake jawowa shi ne abin tsoro: binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a birane da dama na Turai da Barazil, wanda ya fito a 2019, ya sami cewa masu shan mai ƙarfi kullum, wato mai THC kashi 10 zuwa sama, haɗarin taɓin hankali a wurinsu ya kusa ninki biyar na waɗanda ba su taɓa sha ba.

Wasu matan kan ce idan gishiri ya zarce a jefa ɗanyen dankali ya tsotse. Masu harkar wiwi ma suna da dankalinsu, wai CBD yana rage kaifin THC, saboda haka a sha mai ƙarfi a haɗa da shi. A 2022 masu bincike na King's College a Landan suka gwada da mutum 46. Kowa an ba shi miligiram 10 na THC, wani zama ba CBD, wani zama da miligiram 10, da 20, da 30. Mantuwar da ruɗewar ba su ragu ba. Wanda ke son gishiri kaɗan, tun farko zai rage hannu.

Kaya na biyu da ke cikin 'yan gashin nan su ne masu ƙamshi, waɗanda masana ke kira tarpin, kuma a nan ne abin ya fi daɗin bayani, domin babu wanda madafarmu ba ta sani ba. Ka ɗauki ɓawon lemo ka lanƙwasa kusa da fuska, za ka ga wani ɗan feshi ya tashi, ya yi maka yaji a ido, ƙamshi ya cika yatsunka. Wannan limonen ne, kuma shi ɗin ne dai ke cikin tabar da ake cewa mai ƙamshin lemo. Kariyofilen, mai ɗan yaji-yaji, yana cikin masoro da kanumfari. Pinen yana cikin kimba. Mirsin yana cikin mangwaro. Linalul yana cikin wasu nau'o'in ɗoɗɗoya. Shuka ba don mu take yin su ba, tana korar ƙwari da dabbobi masu kiwo ne da su, tana kuma kare kanta daga cuta. Gaba ɗayansu a busasshen fure ba su cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, kuma masu saurin tashi ne. Kowace mace ta san yajin da aka daka yau ba ɗaya yake da wanda ya shekara a buɗaɗɗen gwangwani ba. Furen ma haka, zafi da iska da daɗewa suna kwashe masa ƙamshi, alhali gishirinsa ba ya saurin tafiya haka.

To, daga nan ne masu sayarwa suka gina babbar maganarsu, cewa waɗannan kayan ƙamshi su ne ke juya akalar THC, wannan ya kai shi wajen barci, wancan ya kai shi wajen kuzari, saboda haka shuka sukutum ta fi sinadari guda da aka ware. Maganar tana da daɗin ji, don kowa ya yarda miya haɗi ce, ba wanda ke lasar daddawa ita kaɗai. Asalinta ma daga Mechoulam ne da abokin aikinsa Shimon Ben-Shabat a 1998, sai dai su a kan sinadaran da jiki ke ƙerawa suka yi maganar. Likita Ethan Russo ne ya ɗauko ta ya shimfiɗa a kan shukar a 2011, a matsayin hasashen da ya kamata a gwada. Kafin a gama gwajin, 'yan kasuwa sun buga ta a jikin kwali.

Ba a ce babu komai a ciki ba. A 2008 Jürg Gertsch da abokansa a Suwizalan sun nuna cewa kariyofilen yana hawa kan makarɓar CB2, wato mai shan kunu da masoro da kanumfari ya daɗe yana taɓa wannan tsari bai sani ba. A 2024 Jami'ar Johns Hopkins ta gwada mutum 20, ta ga limonen ya rage fargabar da THC ke jawowa. Amma miligiram 15 aka ba su a kan 30 na THC, adadin da ya zarce abin da fure ke ɗauke da shi nesa ba kusa ba. A ɗaya ɓangaren, gwaje-gwaje biyu a Ostireliya da Niyu Zilan, a 2019 da 2020, sun haɗa manyan tarpin da THC a kan ƙwayoyin halitta, ba su ga sun sauya aikinsa a kan makarɓan ba. A ganina hujjar da ke ƙasa ta isa a ci gaba da bincike, amma ba ta isa a ce wa mai ciwo ya bi hancinsa ba. Kuma kada a manta, wanda aka gaya wa abu zai sa shi barci, ya biya kuɗi mai tsoka, ya kwanta yana jira, rabin barcin ya riga ya samu.

Sunayen ma ba abin dogaro ba ne. Ka zaga gida goma a unguwa ɗaya ka ce a ba ka miyar kuka, za ka sha miya goma. A 2022 aka tattara sakamakon awon samfuri kusan 90,000 daga jihohi shida na Amurka, sai aka ga rabon da shaguna ke yi, indika mai kwantarwa da satiba mai tayarwa, bai yi daidai da sinadaran da ke ciki ba. Kusan dukkansu THC ne ya rinjaya, ƙamshin kuma ya kasu gida uku da ba ruwansu da wancan laƙabi.

Wani abin dariya shi ne, warin nan da ke tona asirin mashayi tun daga bakin lungu ba ma na tarpin ba ne. Wani kamfani a Kalifoniya ya bi diddiginsa a 2021, ya tarar sinadarai ne masu ɗauke da farar wuta, dangin na tafarnuwa, waɗanda ƙanƙanin adadinsu ke cika ɗaki. Suna ƙaruwa dab da girbi, su yi ƙasa bayan 'yan kwanaki a ajiye. Shekara da shekaru ana buga jerin tarpin a kwali ana cewa ga sirrin ƙamshi, ashe daddawar ba ta cikin lissafin.

Mu a Nijeriya maganar zaɓi ba ta ma taso ba. Doka ta daɗe da hanawa, NDLEA na kamu, kuma da wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a a Disamban 2020 don sassauta matsayin tabar saboda magani, aka ci 27 da 25, Nijeriya na cikin masu cewa a'a. Ƙullin da ake miƙa wa matashi a bayan tasha ba wanda ya auna shi, ba wanda ya san me aka fesa masa a gona. Can inda ake aunawar ma ana samun tangarɗa, domin a 2017 an sayo kayan CBD 84 ta intanet a Amurka aka gwada, waɗanda abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta ba su ma kai kashi ɗaya cikin uku ba, 18 daga cikin 84 ɗin kuma har da THC.

Magungunan da suka tsallake gwajin asibiti ba su bar wa hanci komai ba. Sativex, wanda Birtaniya ta amince da shi a 2010 don sandarewar tsoka ga masu cutar jijiyoyi ta MS, feshi ne a baki, kowace fesawa miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD, ƙamshin da ke tashi kuma na man na'ana'a ne da aka ƙara. Epidiolex ya fi shi nisa da shukar. An gwada shi a kan yara da matasa 120 masu muguwar farfaɗiyar Dravet, faɗuwarsu a wata ta sauko daga wajen 12 zuwa wajen 6, yayin da ta waɗanda aka ba maganin wofi ta tsaya kusan inda take. Wasu sun yi gudawa da yawan barci, wasu sai da aka sa ido a kan hantarsu. Amurka ta amince da shi a Yunin 2018. CBD ne tsantsa, miligiram 100 a kowace mililita, ana auna wa yaro da sirinji gwargwadon nauyinsa, an narkar da shi a man riɗi, an ɗan sa masa ɗanɗanon sitiroberi don ya yarda ya haɗiye.