Ƙarar jirgi da ta janareto a Zangon Kumasi: me doka ta ce, me mai gini zai yi?

Duk wanda ya taɓa koyarwa a wajajen Aboabo ko Sawaba ya san wannan: kana tsakiyar bayani sai jirgin Accra ya taso, ka yi shiru, yara su ɗaga kai, kafin hankalinsu ya dawo an rasa zaren darasin. Da dare kuma, in wuta ta ɗauke, janareton maƙwabci ne zai karɓa. Yawancinmu mun ɗauki abin a matsayin ƙaddarar zaman birni. Amma ƙara tana da ma'auni, tana kuma da doka a Ghana, kuma lokacin da ya fi sauƙi a yi maganinta shi ne tun kafin a ɗora bulo.

Me ya sa batun ya taso yanzu?

Filin jirgin Kumasi tsoho ne, tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu yake. A lokacin yana bayan gari, yau kuwa gari ya zagaye shi, kuma unguwanninmu na Asawase da Aboabo da Sawaba suna cikin na kusa da shi. A watan Mayun 2024 shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, tare da Asantehene Otumfuo Osei Tutu II suka ƙaddamar da sabon gininsa, wanda aka sa wa sunan Prempeh I, aka kuma tsara shi don ɗaukar fasinja kusan 800,000 a shekara. Burin shi ne manyan jirage daga ƙasashen waje su riƙa sauka. Alheri ne ga fatauci, amma gidan da za a gina bana zai daɗe yana jin wannan zirga-zirga.

Iyakar da doka ta sa

Ana auna ƙara da desibel. Hirar mutum biyu takan kai wajen 60, kuma duk ƙarin desibel 10 kunne yana jin kamar an ninka ƙarar. Ƙa'idar ƙasa mai lamba GS 1222, ta shekarar 2018, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ke aiki da ita, ta raba gari yanki-yanki. A unguwar zama, ƙara ba za ta wuce desibel 55 ba daga 6 na safe zuwa 10 na dare, sannan 48 daga 10 na dare zuwa 6 na safe. Yankunan kasuwa da na masana'antu an ba su iyaka mafi girma.

A nan wahalar Zango take. A takarda unguwar zama daban, wurin sana'a daban. A layinmu kuwa ɗakin kwana, injin niƙa, shagon walda da makarantar allo bango ɗaya ya haɗa su. Ƙaramin janareto kaɗai, in kana tsaye kusa da shi, ya riga ya wuce iyakar rana, balle ta dare.

Game da jirgi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawara a 2018 cewa matsakaicin ƙararsa ya tsaya ƙasa da desibel 45, da dare kuma ƙasa da 40. Dalilin ba na jin daɗi kawai ba ne. Da aka sauya wa filin jirgin Munich na Jamus mazauni a 1992, masu bincike sun bi yaran wuraren biyu: waɗanda ƙarar ta bari karatunsu da haddarsu sun gyaru, waɗanda ta koma wa kuma nasu ya ja baya.

Takardar izinin gini ba ado ba ce

Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta wajabta neman izini daga majalisar yanki kafin a yi gini, ita kuma doka mai lamba 925 ta wannan shekarar ita ce ta tsara yadda ake ware ƙasa don zama ko sana'a. Ga mutanen Asawase da Aboabo, majalisar Asokore Mampong ce, wadda aka kafa a 2012. Ga na cikin gari kuma KMA. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2018. Mai son yin bene ko kafa doguwar eriya kusa da filin jirgi yana buƙatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama, saboda tsayin gini.

Da yawa muna ganin wannan takarda hanyar cin kuɗi ce da ɓata lokaci. To amma ita ce ke nuna cewa filinka na zama ne. Ranar da wani ya kafa inji a jikin bangonka, wanda ke da ita a hannu ya fi ƙarfin magana a gaban hukuma.

'Yan'uwanmu masu karanta Faransanci za su iya duba Faransa: tun 1985 doka ta sa a zana taswirar ƙara a kewayen manyan filayen jirgi, a hana sababbin gidaje a inda ta fi tsanani, ana kuma karɓar haraji daga kamfanonin jirage don gyara tagogi da rufin mazauna kusa. Mutanen Kano da na Yamai, waɗanda su ma gari ya cim ma filayen jirginsu, tambaya ɗaya ke gabansu da mu.

Abin da mai gini zai iya yi

Ƙarar jirgi ta sama take shigowa, kuma kwano zalla ba ya tare komai. Silin mai kauri, da abin da zai tsotse sauti tsakaninsa da kwano, ya fi ƙarin fenti amfani, yana kuma rage zafi. Sai taga: mai gilashi falle-falle da muka saba da ita iska take bari ta shiga, kuma duk inda iska ta bi sauti ma zai bi. Taga mai rufewa ruf a gefen da ke kallon titi ko filin jirgi, ta shan iska kuma ta koma ɓangaren tsakar gida. Bulo mai nauyi da aka yi wa filasta ciki da waje ya fi mara nauyi tarewa.

Shi kuwa inji, nisa ne maganinsa na farko. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙara tana raguwa da wajen desibel 6. Matsar da janareto daga mita 2 zuwa mita 8 ya rage kusan 12, wato fiye da rabin abin da kunne ke ji. A ɗora shi kan roba ko tsohuwar taya don kada girgiza ta bi ƙasa ta shiga bango, a gyara salansa, a gina masa rumfar bulo mai mafitar iska. Kada a taɓa shigar da shi ɗaki ko zaure don gudun ƙara: hayaƙinsa yana kisa cikin barci. Injin niƙa ma ya samu nasa daɓen, ba haɗe da harsashin gida ba, injin na'urar sanyaya ɗaki kuma kada a maƙala shi daidai tagar maƙwabci.

Idan an dame ka fa?

A fara da sallama. Yawancin masu inji abinci suke nema, kuma sau da yawa sauya lokacin aiki ko matsar da inji ya wadatar. In ba a daidaita ba, akwai mai unguwa da liman da Sarkin Zango. Bayan nan sai ɗan majalisar unguwa da jami'an tsaftar muhalli, sannan ofishin EPA na Kumasi, wanda ke da na'urar awo. A riƙa rubuta rana da lokacin da ƙarar ke tashi, domin koke mai kwanan wata ya fi samun shiga.

Maganar jirgi kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya kamata shugabanninmu su nemi a auna ƙara a makarantu da asibitocin da ke kusa da filin, a bayyana sakamakon, tun kafin manyan jirage su yawaita. Wanda kuma yake shirin gini bana, ya sa kuɗin silin da taga a lissafi tun daga farko, domin gyara bayan an tare ya fi tsada.