Rigakafin Gobara a Kasuwa da Gidan Haya: Darasi Ga Rurum da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa a garuruwan karkara irin su Rurum ta Ƙaramar Hukumar Rano, inda motar 'yan kwana-kwana ba ta isowa cikin ƙiftawar ido, rigakafi shi ne babban abin dogaro. Za mu fi mai da hankali ga kasuwa da gidan haya, domin a nan ne sakacin mutum ɗaya kan jawo wa mutane da yawa asara.

2.0 Abin da ya faru a birane

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama wuta cikin Janairu, ta Katsina kuma cikin Maris. A Nuwamban wannan shekara yara fiye da 20 suka rasu a Maraɗi, sa'ad da azuzuwansu na zana suka kama wuta. Abin lura, duka waɗannan sun auku ne bayan damina ta ɗauke, lokacin da kome ya bushe. In har birane masu motocin kashe wuta sun yi irin wannan asara, ina ga ƙaramin gari?

3.0 Yadda wuta ke kamawa

Wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu: zafi, da iska, da abin da za ta ci. Da zarar an raba ta da ɗaya, sai ta mutu. A kasuwar karkara cikin hunturu, ukun nan suna maƙwabtaka: ga rumfar zana da kara, ga murhun mai tuya da janareto, ga jarkokin 'yan bumburutu. A gidan haya kuwa, waya ɗaya ake ɗora wa hita da dutsen guga da risho na ɗakuna da dama, har ta yi zafi ta narke.

Rurum tana kusa da madatsar ruwa ta Tiga, amma ba kowace wuta ruwa ke kashewa ba. Fetur yakan taso saman ruwa ya bi shi yana ci. Wutar lantarki kuwa takan bi ruwan ta kama mai watsawa. Ta fetur yashi ne maganinta, ta lantarki kuma sai an fara yanke ta daga mita.

4.0 Alhakin wa?

Nijeriya tana da Dokar Hukumar Kashe Gobara tun 1963, da Kundin Ƙa'idojin Gini na 2006. Matsalar ita ce, abin da yake na kowa ba shi da mai kula. Mai gida ya ce na 'yan haya ne, ɗan haya ya ce ba shi ya yi ginin ba. Saboda haka muna ba da shawarar a ɗora kowane aiki a kan mutum sananne:

(a) Sarkin kasuwa ya tabbatar ba a kafa rumfa ko teburi a kan hanyar mota ba, a kuma ware wa masu fetur da gas gefe guda.

(b) Mai gida ya sa ƙwararre ya duba wayoyi kafin kowane hunturu, kada kuma a toshe zaure da kaya ko babura.

(c) Kowane layi ya ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara, a koya wa mai gadi amfani da su.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ana cin nasarar gobara ne tun kafin ta tashi. Hausawa kan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kano da Sakkwato da Katsina sun riga sun biya kuɗin wannan darasi. Ya rage wa dagatai da shugabannin 'yan kasuwa na ƙasar Rano da Kibiya su ɗauke shi kyauta.