Fangali nawa za a dasa?

Bayan farin 1984, gwamnatin Nijar ta ƙarfafa wa mutane noman rani. Tun daga lokacin, iyalai da yawa suna da garka kusa da rijiya ko tabki.

Kafin mai garka ya sayi iri, yakan yi lissafi. Bakuna nawa ne a gidan? Ruwa nawa ne a rijiyar? Rijiya takan ja baya da bazara, kuma shukar da ba ta sha ruwa ba asarar iri ce.

Ga misalin albasa. Fangali mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1 yana ɗaukar layi 5, kowane layi dashe 50. Ke nan albasa 250. Gidan da ke sa albasa 2 a miya kullum yana buƙatar 730 a shekara. Fangali 3 za su ba da 750. Amma wasu za su ruɓe a ajiya, don haka gara a dasa 4.

Salati kuwa ba ya ajiyuwa. Kaɗan-kaɗan ake shuka shi, duk bayan sati biyu. Tumatir in ya yi yawa, a yanka a shanya, ya zama kauɗa.

Rarar albasa ita ce ta sayarwa. Ƴan kasuwa sukan loda albasar Galmi a manyan motoci har Abijan, ƙasar Kwaddibuwa. Can a Ajame, unguwar babbar tashar mota, ana sayar da ita buhu-buhu.