Allurar da ke lalube DNA: ina aka kwana?

Ka san cewa harafi ɗaya tak ne ke haddasa cutar sikila? Saƙon gadon da ke jikinka, wato DNA, da haruffa huɗu aka rubuta shi: A, T, G da C, kimanin biliyan 3 a jere. A wani gurbi guda, T ta zauna a mazaunin A, shi ke nan jini ya sauya. Shi ya sa masana ke neman hanyar karanta haruffan nan ɗaya bayan ɗaya.

A 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙirƙiro na'urar STM a ɗakin binciken IBM na Zurik, suka samu kyautar Nobel a 1986. Ita ba ta da gilashin leƙawa. Allura ce mai tsinin gaske, ana matso da ita dab da abu ba tare da ta taɓa shi ba. Sai 'yar wutar lantarki ta tsallaka tsakaninsu, ƙarfinta na sauyawa gwargwadon tazarar, kwamfuta kuma ta mayar da shi hoto. Kamar dai makaho na karatu da yatsa.

Nan da nan aka ce, to me zai hana a shimfiɗa zaren DNA a lalube haruffansa? Wajen 1989 hotuna suka fara fitowa, aka yi ta murna. Amma a 1991 Clemmer da Beebe suka nuna a mujallar Science cewa girafait ɗin da ake shimfiɗa zaren a kai, irin na bakin fensir, shi kansa yana fitar da zane mai kama da DNA ko ba a sa komai ba. Ka ji fa!

Sai a 2009 Hiroyuki Tanaka da Tomoji Kawai na Jami'ar Osaka a Japan suka miƙar da zaren DNA na wani bairos a kan jan ƙarfe, suka iya gane harafin G. Harafi ɗaya cikin huɗu, bayan shekara 20 ana fama. Har yau da wasu na'urorin daban, irin na Illumina da Oxford Nanopore, ake karanta DNA.

Don haka in ka ga hoto a Facebook an rubuta "masana sun gano", dakata kafin ka tura. Su wa suka gano? Wasu sun sake gwadawa? In hoto ya ruɗi masana, kai ma zai iya ruɗinka.